Lokacin annoba, wa ya kamata ya san da zaman tsohuwar nan?

Ummin Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya, kuma ba neman rigima nake ba. Jiya muna hira da ƙanin maigidana sai muka faɗo kan maganar kullen korona, shi ya dage wai annoba in ta zo aikin gwamnatin sama ne kawai, ita ke da kuɗi ita ke da manyan likitoci ita ke rufe iyaka da filin jirgi, ƙaramar hukuma ba ruwanta sai dai ta naɗe hannu ta jira umarni. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai har yau wata tsohuwa ce da muke katanga ɗaya da ita a lokacin, ba ɗa ba jika a kusa, ga ciwon suga ga ƙafa ta ƙi, aka ce kowa ya zauna a gida, aka ce za a kawo tallafi, wlh har aka buɗe gari ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta ya rubuta ko sunanta. Ni ce nake miƙa mata kwano ta saman katanga, kuma da maganinta ya ƙare sai da ta kwana huɗu babu kafin na gane, don ita ba mai faɗa ba ce. Toh wa ya kamata ya san da zamanta? Minista? Ku da kuka san harkar ku fahimtar da ni.

Mai Shakka:
Wa alaikumus salam. Anti ai amsar a fili take, ba wanda ya san da zamanta sai Allah sai ke. Ƙaramar hukuma kuma ki bar ta kawai, ba a ba kura ajiyar nama. Duk abin da aka turo ta hannunsu rabi ne ke isowa, rabin ma ga 'yan jam'iyya.

Baba Duba-gari:
Wa alaikumus salam 'yata. Ɗana Mai Shakka ka yi sauri, bari in ɗan ce wani abu tunda a wannan aiki na tsufa har na yi ritaya. Ƙanin mijinki yana da gaskiya ta wani ɓangare, gwaji da sayo rigakafi da rufe iyaka da kuɗi masu nauyi duk daga sama suke zuwa, ba ƙaramar hukumar da za ta iya su. Amma fa cuta ba a ofishin minista take kama mutum ba, a gida take kama shi, a bakin famfo, a layin masai, a wajen zaman makoki. Wanda ya san wace rijiya ce ke kusa da salga, wane lungu ne kwatarsa ta toshe, wane gida ne akwai tsohon da ba ya iya tashi, ai sai wanda ke taka ƙasar da ƙafarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin hukuma ta kusa a lokacin annoba in za ki ƙirga bai wuce ruwa mai tsafta da kwashe shara da buɗe ƙananan asibitoci da bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da mai cuta da binne gawa yadda ba za ta harbi masu rai ba, sai kuma wanda aka fi sakaci da shi, wato riƙe jerin sunayen masu rauni. Tsohuwar nan taki a wannan na ƙarshe ta faɗo. Ba kuɗi ne suka hana a san da ita ba, littafi da biro ne da mutum ɗaya da zai shiga gida-gida.

Malamin Tarihi:
Baba Allah ya ƙara lafiya, ka tuno min da wani labari da nake yawan ba ɗalibai. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho a birnin Landan, cikin kwana goma ta kashe sama da mutum 500 a 'yan layuka ƙalilan. A lokacin manyan masana sun yarda cewa wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo ta. Wani likita John Snow ya bi gida-gida yana tambaya, a ina kuke ɗiban ruwa, yana sa alama a taswira duk gidan da aka yi mutuwa, sai ya ga duk sun kewaye famfo guda na titin Broad. Toh wajen wa ya kai ƙara? Ba fadar sarauniya ya je ba, ba majalisar ƙasa ba, hukumar unguwar ya samu, su ne washegari suka sa aka cire hannun famfon. Abin da ya fi burge ni ma ba shi ba ne, wani limamin coci na unguwar Henry Whitehead da farko bai yarda da maganar Snow ba, ya ce bari ya bincika ya ƙaryata shi, da yake ya san kowa a unguwar mutane suna buɗe masa ƙofa suna gaya masa gaskiya, ƙarshe shi ne ya gano tushen abin, jaririya ce ta kamu aka wanke tsummokaranta aka zuba ruwan a ramin ƙazanta da ke dab da rijiyar famfon. Likita da ilimi, liman da sanin mutane, hukumar unguwa da ikon cire hannun famfo.

Mai Shakka:
Malam ai na taɓa jin cewa kafin a cire hannun ma cutar ta fara sauka.

Malamin Tarihi:
Haka ne, Snow ɗin da kansa ya faɗa, mutane da yawa sun riga sun gudu daga unguwar. Kuma daga baya hukumar ta mayar da hannun famfon don ba su gama gamsuwa ba hhh. Ban ce waliyyai ba ne, na ce dai hannun famfon a ikonsu yake.

Anti Nas:
Slm. Yanzu na sauko daga aikin dare naga wannan zance, ku yi haƙuri zan yi tsawo. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne duk sanda aka ce annoba sai hankalin kowa ya koma kan cutar guda ɗaya, kamar sauran cututtukan sun tafi hutu. Mai naƙuda ba ta san da dokar kulle ba, cikin dare zai taso mata. Mai hawan jini, mai suga, mai shan maganin tarin fuka da ba a so ya tsallake ko kwana ɗaya, yaron da lokacin allurarsa ya yi, duk suna nan. A Kwango lokacin Ebola ta 2018 zuwa 2020 cutar ta kashe mutum kusan 2,300, amma a daidai wannan lokacin ƙyanda ta kashe sama da 6,000 a ƙasar, yawanci yara ƙanana, kuma ƙyanda tana da rigakafi tun kafin a haife ni. Wa ya ji labarinta? Duk kyamarori suna wajen Ebola.

A lokacin korona ina wani ƙaramin asibiti, ba zan faɗi suna ba. Aka kwashe rabin ma'aikatanmu aka kai cibiyar killacewa, aka bar mu mu biyu da mai shara. Takunkumi ɗaya nake sawa kwana uku, in wanke in shanya a bayan kujera. Ranar awon ciki da muka saba ganin benci ya cika har wasu na zaune a ƙasa, sai ka ga mace uku ko huɗu, sauran tsoro ya hana su ko kuma ba abin hawa. Wata da nake bi tun cikinta na wata huɗu, ƙafarta na kumbura na ce lallai ta dinga zuwa duk sati, ta ɓace min sati biyar, ranar da aka kawo ta a kwance aka kawo ta tana jijjiga. Allah ya yi da sauran kwananta ta tashi, ɗan dai bai zo da rai ba. Da akwai wanda aka ɗora wa alhakin ya ɗauki rajistar awo ya bi waɗanda suka daina zuwa, ko da kiran waya ne, da ba a kai nan ba. Lambarta tana rubuce a littafina, katin waya ne ba a ba mu ba kuma albashin ma ya makale. Wannan ba aikin gwamnatin sama ba ne, aikin wanda asibitin ke ƙarƙashinsa ne.

Ummin Biyu:
Innalillahi. Anti Nas Allah ya saka muku, wlh jikina ya yi sanyi.

Mai Shakka:
Toh kun gani. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ita tana wanke takunkumi wani yana can yana sa hannu a takardar cewa an sayo kwali dubu. Shi ya sa nace a daina bi ta hannunsu, a tura wa mutane kuɗi kai tsaye ta waya daga sama, magana ta ƙare.

Tsohon Kansila:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ina shiru amma tunda an taɓo mu dole in tanka. Ƙanena Mai Shakka, ba zan rantse maka cewa ba a ci ba, ana ci, na gani da idona. Amma bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki. Ana kiranka da daddare a ce gobe da safe ka kawo sunayen mabuƙata ɗari biyu daga mazaɓarka. Mazaɓar da ke da gidaje dubbai. Ba rajista, ba ma'auni, ba a ce maka wane ne mabuƙaci ba, kuma kafin gari ya waye maganar ta fita, ƙofar gidanka ta cika da mutane. Wa kake tsammani zai shiga takardar? Wanda ya iya zuwa ƙofar gidanka, mai ƙafa, mai baki, mai waya, wanda ya yi maka yawon kamfen. Tsohuwar da Ummin Biyu ke magana ba za ta taɓa shiga ba ko da ni waliyyi ne, don ba ta zo ba kuma ban san da ita ba. Na yi wannan kuskuren, ba na ɓoyewa, har yau in na tuna wasu gidaje da na gano daga baya kunya nake ji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sunayen nan da kwanciyar hankali ake tara su, lokacin da ba abin da za a raba, don a lokacin ne ba mai dalilin yin ƙarya.

Maganar tura kuɗi ta waya kuma tana da kyau ga mai waya da asusu. Ka tambayi kanka tsohuwar nan tana da su? In ma tana da su wa zai je ya ciro mata ya sayo maganin ya kawo, alhali an hana fita?

Mai Shakka:
Ranka ya daɗe na ji, kuma na yaba da ka faɗi gaskiya. Amma ka tuna abin da ya faru a Najeriya a watan Oktoba na 2020, mutane suka fasa manyan sito a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona jibge, wata da watanni bayan lokacin da ake tsananin buƙata. Wa zai sake yarda bayan wannan?

Tsohon Kansila:
Ka duba da kyau a hannun wa makullan waɗannan sito suke, yawancinsu na jihohi ne. Wannan ma hujja ce a kan maganata, kaya na nesa da mutane, mai makulli bai san mai yunwa ba.

Ɗan Ci-rani:
Gaisuwa ga manya. Ni a Ingila kullen ya same ni, bari in ba ku abin da na gani don kar a ɗauka matsalar ta ƙasashe matalauta ce kawai. Da farko gwamnatin tsakiya ta ce ita za ta yi komai, aka kafa babban tsarin bin sawu na ƙasa, aka ɗauki mutane suna kira daga nesa da lambar da ba wanda ya sani, jama'a da yawa ko ɗagawa ba sa yi. Daga baya ƙananan hukumomi suka fara kafa nasu, ma'aikacin da ya san unguwa ya kira da lambar gari, in ba a ɗaga ba ya je ya buga ƙofa, in mutanen gidan ba sa jin Turanci a nemo mai jin yarensu. Sai kuma aka gano wani abu, ba taurin kai ne ke sa mutane da yawa karya killacewa ba, wanda in bai fita ba ba a biyansa ya za ka ce ya zauna kwana goma ko sha huɗu? Shi ne daga ƙarshen Satumba na 2020 aka fara ba masu ƙaramin ƙarfi fam 500 in an umarce su su killace kansu, kuma ta hannun ƙananan hukumomi ake nema. Haka masu kwana a titi, a watan Maris na 2020 aka ce wa ƙananan hukumomi su shigar da kowa ciki, cikin 'yan makonni aka sa dubbai a otal-otal da suka zama fanko. Abin da shekara da shekaru ake cewa ba zai yiwu ba. A Jamus kuma ofisoshin lafiya na gundumomi kusan 400 ne suka riƙe bin sawu tun farko, duk da an yi ta musu dariya wai har lokacin da na'urar fakis suke aika rahoto.

Amma kar in yi muku ƙarya, nan ma an bar mutane a baya, musamman wanda ba ya cikin kowace rajista ko takardunsa ba su cika ba, shi tsoron hukuma ma yake. Waɗannan ƙungiyoyin unguwa da masallatai da coci-coci ne suka riƙe su.

'Yar Jami'a:
Yaya Ɗan Ci-rani wannan ai ƙasar masu kuɗi ce, fam 500 ina laifi. Ina misalin inda ba kuɗin?

Malamin Tarihi:
Ƙanwata duba Indiya, misali biyu a ƙasa ɗaya. Ranar 24 ga Maris 2020 aka sanar da kulle ƙasar baki ɗaya, sa'a huɗu kacal aka ba mutane. 'Yan ci-rani masu aikin yini a manyan birane suka wayi gari ba aiki ba abinci ba mota, suka kama hanya a ƙafa ɗaruruwan kilomita da yara a kafaɗa. Umarni ne daga sama ba tare da an tambayi na ƙasa ya za a yi da waɗannan ba. A jihar Kerala kuwa cikin 'yan kwanaki ƙananan hukumomi suka buɗe wuraren dafa abinci na al'umma tare da wata babbar ƙungiyar mata da ake kira Kudumbashree, ana dafawa ana kai wa wanda aka killace da tsofaffi da baƙin ma'aikata har inda suke. Kerala ba ta fi sauran jihohin arziki can-can ba. Bambancin shi ne tun 1996 suka fara miƙa wa ƙananan hukumomi kaso mai tsoka na kuɗin ayyukan raya ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin uku, tare da ikon kula da ƙananan asibitoci, kuma cutar Nipah ta 2018 ta riga ta koya musu bin sawu. Da korona ta zo ba sabon abu suka ƙirƙiro ba, matan nan sun riga sun san gidajen.

Baba Duba-gari:
Malam ka zo inda nake so. Killacewa ba tare da ciyarwa ba ɗauri ne, kuma ɗaurarre hanyar gudu yake nema. Ku tuna West Point a Monrobiya, babban birnin Laberiya, watan Agusta na 2014 lokacin Ebola. Unguwar talakawa ce cunkushe a bakin teku, aka wayi gari sojoji sun zagaye ta da waya mai ƙaya ba shiga ba fita, ba a shirya abinci da ruwa yadda ya kamata ba, ba a zauna da shugabannin unguwa ba. Aka yi arangama aka harbi wani yaro ya mutu, mutane suka dinga sulalewa ta ruwa ko su ba da cin hanci su fice, bayan kwana goma dole aka janye. A Gini kuma a wani ƙauye Womey, watan Satumba na shekarar, mutum takwas cikin tawagar da ta je wayar da kai aka kashe, don jama'a sun ɗauka su ne ke kawo cutar. Abin bai fara sauƙi ba a ƙasashen nan uku, Gini da Laberiya da Saliyo, sai da aka dawo aka bi ta kan mutanen gari, sarakuna da limamai da matasa su ke tsare lungunsu suna kai rahoton mara lafiya, aka kuma gyara yadda ake binne gawa aka bar dangi su tsaya daga nesa su ga an yi wa mamacinsu addu'a an sa shi da mutunci maimakon a jefa a mota a tafi. Kafin a kai ga fahimtar haka an yi asara mai yawa, sama da mutum 11,000 annobar ta ci gaba ɗaya.

Ni a aikina na koyi cewa in ka shiga gida da takardar tara a hannu sau ɗaya, ranar da ɗansu ya fara amai da gudawa ɓoye maka shi za su yi. In ka shiga da maganin sa wa rijiya ka zauna ka sha ruwan gidan, su za su aiko a kira ka da tsakar dare.

Anti Nas:
Baba wannan gaskiya ne. Kuma tunda ka ambaci amai da gudawa bari in saka wannan ko wani zai amfana, kwalara in an samu kulawa da wuri ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ta kashewa, in ba a samu ba kuwa cikin sa'o'i take zuƙe ruwan jikin babban mutum. Kafin a isa asibiti, lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe ba a tula ba, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a dinga ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, ana tafiya ana ba shi. A Bangladesh a shekarun 1980 wata ƙungiyar agaji mai suna BRAC mata ta tura gida-gida suna koya wa iyaye mata irin wannan haɗin, gidaje miliyoyi. Ba na'ura ba ce ba gini ba ne, mutum ne ya zauna a tabarma ya nuna wa wata da hannunsa. Irin wannan aikin ne ya kamata ƙaramar hukuma ta riƙe kullum ba sai an fara mutuwa ba, ta sa wurin ba da ruwan gishiri da sukari a kowace unguwa da zarar an ji ɗuriyar cutar, ta zuba kulorin a wuraren ɗiban ruwa, ta tabbatar ambulan tana da mai. Ambulan ba mai wlh na gani ya fi a ƙirga.

'Yar Jami'a:
Toh ni tambayata, in ƙaramar hukuma ta ga abu ya taso dole sai ta jira sama ta ce mata yi? Ko tana iya gaban kanta?

Malamin Tarihi:
Ya danganta da dokar kowace ƙasa, amma tarihi ya nuna jira na da tsada. Murar 1918 a Amurka kowane birni shi ya yanke wa kansa hukunci. Philadelphia ta bari aka yi gagarumin fareti ranar 28 ga Satumba, mutum wajen 200,000 a titi alhali cutar ta riga ta shigo, cikin 'yan kwanaki asibitoci suka cika maƙil har akwatin gawa ya yi wuya. St. Louis kuwa jami'in lafiyar birnin ya sa aka rufe makarantu da gidajen kallo da wuraren taro tun cutar na sabuwar shigowa, mace-macensu a lokacin da abin ya fi tsanani bai kama ƙafar na Philadelphia ba. Ƙasa ɗaya, cuta ɗaya, shekara ɗaya.

Mai Shakka:
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya amsa min maganar ci. In an ba su iko da kuɗi wa zai hana su cinyewa? Kerala ba ko'ina ba ce.

Tsohon Kansila:
Ba wanda zai hana gaba ɗaya, amma akwai abin da ke rage shi kuma ba tsada. A liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa a bango inda kowa zai karanta kwana biyu kafin rabo, a rubuta abin da ya iso da yawansa da abin da kowa zai samu. Ɓarawo duhu yake so. Ranar da muka gwada haka a wani rabo, kafin la'asar mata sun zo sun nuna min sunaye goma sha ɗaya na mutanen da ko dai sun rasu ko sun tashi daga unguwar ko gida ɗaya ne aka rubuta sau uku, kuma su suka kawo sunayen da ya kamata a sa. Na sha zagi daga mutanena ranar, wani har yau ba ya gaishe ni. Sannan ka lura, ɓarawon kusa ka san ƙofar gidansa, kana haɗuwa da shi a jana'iza da ɗaurin aure, na nesa ko sunansa ba ka sani ba balle ka tsare shi da tambaya.

Mai Shakka:
Hhh ranka ya daɗe wato dai zaɓi tsakanin ɓarawon kusa da na nesa. Toh na yarda da maganar liƙa suna a bango, wannan kam ko ni zan je in karanta.

Baba Duba-gari:
Ɗana ai zuwa karantawar shi ne rabin aikin. Ƙarin misali kan shiri tun kafin rana, Ebola ta shiga Legas ranar 20 ga Yuli 2014 ta hanyar wani matafiyi daga Laberiya, duniya ta tsorata don birni ne mai mutum miliyoyi. Likita Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin lamba, ita ma cutar ta kashe ta. Aka ɗauko tsari da ma'aikatan da aka riga aka horar don yaƙi da shan inna, su suka bi sawun mutum kusan 900, kowa ana zuwa duba zafin jikinsa kullum har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama. Da a ranar ne za a fara neman wanda ya iya shiga lungu da littafi, da labarin ya sha bamban.

Anti Nas:
Kuma a riƙa biyan masu shiga lungun nan dan Allah. Ana kiransu 'yan sa-kai a ba su riga mai tambari a ɗauki hoto, alawus ɗin sai bayan wata shida ko a ce ya bi iska. Karo na biyu in ka kira su ba za su fito ba, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Ummin Biyu:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, na tura wa ƙanin maigidan duka ya karanta, ya ce shi dai har yanzu kuɗin daga sama suke, na ce masa ban musa ba. Tun ɗazu da Baba ya yi maganar littafi da biro na ɗauko tsohon littafin makarantar yarana na zauna ina lissafa gidajen layinmu daga farko zuwa ƙarshe, gida ashirin da uku. Na samu tsofaffi huɗu da ke zaune su kaɗai ko da ƙananan jikoki, mai ciki biyu, wani bawan Allah da ke zuwa wankin ƙoda, da yaro mai sikila. Gida uku kuma wlh na tsaya da biro a hannu ban san ko su waye a ciki ba, shekara shida muna layi ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu zan ja maƙwabciyata mu shiga mu gaisa. Baba in na gama wa zan kai wa takardar, mai unguwa ko asibitin kusa?

Baba Duba-gari:
Ki yi kwafi uku 'yata, ɗaya wajen mai unguwa, ɗaya wajen ma'aikaciyar lafiya ta asibitin da ke kula da yankinku, ɗaya ki riƙe. Amma ki fara neman izinin kowa kafin ki rubuta ciwonsa, wani ba ya so a sani, in ya ƙi ki sa suna da lambar waya kawai. Ki ƙara layi ɗaya a gefe, wa za a kira in abu ya faru, da irin maganin da mutum ke sha kullum. Ki sa kwanan wata a sama, bayan wata shida ki sake zagayawa don masu cikin nan sun haihu wasu kuma sun tashi.

Anti Nas:
Mai wankin ƙodan nan ki sa shi a layin farko, ki rubuta ranakun da yake zuwa da wanda ke kai shi. Shi ko sati ɗaya aka rufe hanya ba zai jure ba.